SULTAN MUHAMMADU BELLO MAI WURNO: ƊAN SARKIN MUSULMIN DA YA KAFA GARI A BAKIN NILU

  

Ni mutumin Dagauda ne, ta wajen Dambam a Jihar Bauchi, fatauci ne ya raba ni da gida kamar yadda ya raba da yawa daga cikinmu. Muna yara, in muka ji tsofaffi sun ce wane ya yi gabas, mun san ba Potiskum ko Maiduguri ake nufi ba. Ana nufin ya kama hanyar Makka a ƙasa, kuma galibi wanda ya yi irin wannan tafiya ba a sake ganinsa, sai dai labari. Da na girma na fara tambaya, sai na tarar ashe da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah a ƙasar Sudan suka yada zango, suka hayayyafa. Kuma in dai ana maganar zaman mutanenmu a can, akwai sunan da ba a tsallake shi, wato Sultan Muhammadu Bello Mai Wurno. To tarihinsa nake so mu ɗan taɓa a wannan fitowa, domin mu da muke zaune a garuruwan mutane, da 'ya'ya da jikokin da muka haifa a nan, labarin nan ya shafe mu ƙwarai.

ASALINSA

Muhammadu Bello ɗa ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda. Wato ke nan ubansa da kakansa da kakan ubansa duk sun hau gadon sarautar Musulmi a Sakkwato. Atiku ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842, Ahmadu daga 1859 zuwa 1866, Attahiru kuwa a watan Oktoba na 1902 aka naɗa shi, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Sunan da aka fi saninsa da shi, Mai Wurno, yana komawa ne ga garin Wurno da ke arewa maso gabas da Sakkwato, ribaɗin da takwaransa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu ya raya, ya zauna a ciki, kuma a can kabarinsa yake.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin jama'ar Shehu tun kafin a haife shi, cewa in ƙarshen zamani ya gabato, jama'a za su tashi su yi gabas har bakin kogin Nilu, a can za su sadu da Mahadi. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun riƙa ɗaure kaya suna tafiya tun a ƙarni na 19, musamman bayan da Muhammadu Ahmad ya bayyana a Sudan a 1881 yana cewa shi ne Mahadi. Abin ya kai har Nana Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano takarda tana nuna cewa lokacin tashi bai yi ba tukuna. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane cewa ran da masifa ta sauka, mutane sun riga sun san inda za su dosa.

ZUWAN TURAWA

A ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, daga nan kuma sai aka shiga cin garuruwan daular ɗaya bayan ɗaya. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauchi a 1902, Kano kuma ranar 3 ga Fabrairu 1903. Attahiru bai cika wata shida a kan gado ba ke nan aka ce ga Nasara nan tafe Sakkwato. Manyan gari da malamai suka rabu gida uku, masu cewa a yi yaƙi, da masu cewa a nemi sulhu, da masu cewa a yi hijira tun da sauran lokaci. Ana cikin wannan shawara sojan Turawa suka iso. Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a filin Giginya, bayan ganuwar gari. Masu doki da takobi da kwari da baka ba su iya yin komai da bindiga mai ruwa da igwa ba, kafin rana ta take an gama.

Sarkin Musulmi ya fita da waɗanda suka bi shi, cikinsu har da ɗansa Muhammadu Bello. Waziri Buhari kuwa ya dawo da sauran jama'a cikin gari, ya ga cewa in kowa ya tafi, talakawan da ba su da halin tafiya ba su da mai tsaya musu. Ranar 21 ga wannan wata Lugga ya tabbatar da naɗin Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba. Malaman wancan zamani sun yi rubuce-rubuce a kan wannan saɓani, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma ba mu ne za mu raba musu gardama a yau ba. Allah ya saka wa kowa da niyyarsa.

HANYAR BURMI

Ayarin Sarkin Musulmi ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, ya nufo gabas. Duk inda ya bi sai mutane su bar gidaje da rumbuna su bi shi, ga kuwa damina ta kawo kai, lokacin sharar gona. Wasu ƙauyuka sun watse ƙaf. Wannan abu ya tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin Giginya, domin ƙasar da ba mutane ba ta da amfani ga wanda ya ci ta. Sai suka sa soja a bayansa.

A cikin ayarin akwai Etsu Nupe Abubakar wanda Turawa suka raba da Bida, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, da wasu manyan Kano. Akwai kuma mutanen Futa, jama'ar gidan Shehu Umaru Futi, waɗanda su ma 'yan hijira ne, Faransawa suka koro su daga ƙasarsu ta yamma, Sakkwato ta ba su masauki, ga shi kuma tashi na biyu ya same su. A cikinsu akwai babban malamin nan Alfa Hashim. Da ayari ya iso yankinmu, Sarkin Misau Ahmadu ya bar gadonsa ya bi Sarkin Musulmi, ɗan'uwansa Alhaji ya hau sarautar. Saboda haka mu mutanen Misau da Dambam da Katagum, wannan hijira ta ƙofar gidanmu ta wuce, kuma ta ɗebi namu.

Suka gangara bakin kogin Gongola, wajen dutsen Bima da garin Burmi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe ta yanzu. Ranar 13 ga Mayu 1903 Kyaftin Sod ya kai wa Burmi hari, mutanen gari suka kore shi, ya ja da baya zuwa Bauchi. Sarkin Musulmi ya aika wa Turawa takarda yana neman su ƙyale shi ya wuce abinsa, tunda ya bar musu ƙasar, amma ba su saurare shi ba. Ranar 27 ga Yuli 1903, wato cikin shekara ta 1321 bayan Hijira, suka dawo da ƙarfi. Aka wuni ana yaƙi. Manjo Mash da ya jagoranci sojan Turawa ya mutu a wurin, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da mutum sama da 600. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tutarsa da aka ɗauke a ranar, sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

SHEKARU UKU A KAN HANYA

Waɗanda suka tsira daga Burmi sun kasu. Wasu suka koma garuruwansu suka rungumi ƙaddara. Wasu daga cikin mutanen Futa suka zauna a ƙasar Haɗeja, wajen Yalleman. Alfa Hashim ya wuce har Madina, a can ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1931. Sarkin Misau Ahmadu shi ma ya tsira ya yi gabas. Babban rukuni kuwa, Fulani da Hausawa, maza da mata da yara da tsofaffi, sai suka taru a bayan ɗan Sarkin Musulmi. Daga wannan rana nauyin jama'a ya koma wuyan Muhammadu Bello Mai Wurno, ba gari, ba baitulmali, ba rundunar kirki.

Mai karatu ya auna tafiyar. Daga bakin Gongola zuwa bakin Nilu ya fi kilomita 2,000 in an miƙe, kuma ba mota ba jirgi, sai ƙafa da jaki da takarkari. Tsakani akwai ƙasashen tafkin Cadi, inda Turawan Ingila da Jamus da Faransa suka raba a tsakaninsu bayan an kashe Rabe a 1900. Gaba akwai Wadai, wadda a lokacin tana da sarkinta, sai Darfur ta Sultan Ali Dinar, sai Kurdufan. Yadda masu hanyar gabas ke yi tun da can, ana tafiya ne da rani daga rijiya zuwa rijiya, in damina ta faɗi a nemi izinin sarkin wuri a yi shuka, a girbe, a yi guzuri, a sake ɗaukar hanya. Mai sana'a ya yi sana'arsa, malami ya yi rubutu, mata su yi daka da surfe a gidajen mutane. Ana haihuwa a hanya, ana binnewa a hanya. Sai wajen 1906 Mai Wurno da jama'arsa suka isa bakin Nilu.

MASAUKI A SHEHU ƊALHA

Kogin Nilu rassa biyu ne da suka haɗu a Kartum. Reshen da ya gangaro daga duwatsun Habasha shi Larabawa ke kira Bahar Azrak, kuma a bakinsa, kusa da tsohon birnin Sinnar, akwai wani gari da ake kira Shehu Ɗalha, da sunan malamin da ya kafa shi, wanda asalinsa Bafillace ne daga yamma. A nan suka fara sauka, zuriyar wannan malami suka karɓe su. Ka ga amfanin wanda ya riga ka zuwa ke nan. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar garin da bai san kowa ba da tsakar dare, aka nuna masa gidan Sarkin Hausawa, ya san abin da nake nufi.

Amma zaman masauki ba ya ɗorewa ga jama'a mai yawa irin wannan. Mai Wurno ya nemi fili, aka ba shi a ɗaya gaɓar kogin, ta yamma, kimanin kilomita 15 kudu da Sinnar. Ya haye da mutanensa, suka sare daji, suka yi bukkoki da masallaci, suka yanki gonaki. Garin ya ci sunansa, Larabawan wurin suna furta shi Mayirno, kuma da wannan suna yake a taswirar Sudan.

Abin mamaki a nan shi ne, mutanen da suka baro gida don gudun mulkin Ingila, sai suka tarar Ingilan ta riga su isa. Tun 1898 aka karya daular Mahadi a yaƙin Umdurman, a 1899 kuma Ingila da Masar suka kafa mulkin haɗin gwiwa a Sudan, amma wuƙa da nama suna hannun Ingila. To me ya sa suka bar ɗan Attahiru ya zauna? Dalili na farko, yaƙe-yaƙe da yunwa da annoba na zamanin Mahadiyya sun rage mutanen ƙasar ƙwarai, ga ƙasar noma shimfiɗe ba masu nomawa. Na biyu, Turawan suna tsoron kada aƙidar Mahadiyya ta sake tashi ta hannun mutanen yamma, don haka sun fi son a ce waɗannan baƙi suna wuri guda, ƙarƙashin shugaba guda wanda za a iya magana da shi. Suka amince da shi a matsayin shugaban jama'arsa, aka san shi da laƙabin Sultan.

YADDA GARI YA KAFU

Daga nan ne aikin da ya sa ake tunawa da shi ya fara. Ya raba wa mutane filin gida da na gona, yana sasanta rigingimunsu, shi ne kuma bakinsu a wurin hukuma da wurin shugabannin Larabawa maƙwabta. Manoma suka kama noman dawa a tudu, in kogi ya janye kuma su yi lambu a gaɓa. Masunta suka shiga ruwa, makiyaya suka sami makiyaya, malamai suka buɗe makarantun allo.

Labari ya koma gida cewa ɗan Sarkin Musulmi ya kafa gari a kan hanyar Makka, sai mutane suka ci gaba da kwarara. Yaƙin Satiru da na Haɗeja a 1906 sun koro wasu, haraji da jangali suka koro wasu, yunwar 1914 da ake kira Kakalaba ta koro wasu. Ga kuma maniyyata, waɗanda Mai Wurno ta zame musu zango. Mutum zai sauka ya yi ƙodago shekara ɗaya ko biyu, ya tara kuɗin jirgi, ya wuce Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya haye zuwa Jidda. Wani in ya sauke farali ya dawo, sai ya ga ya riga ya yi aure ya yi gona a nan, sai ya zauna. Da garin ya cika, sai aka riƙa fita ana kafa sababbin ƙauyuka a bakin Bahar Azrak da sauran kogunan yankin, har zuwa ƙasar Gadarif ta gabas.

Babban abin da ya ƙarfafa zamansu shi ne aikin madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka gama a 1925, tsawonta kimanin kilomita 3. Da ruwanta aka buɗe gandun auduga na Jazira, a filin da ke tsakanin rassan Nilu biyu, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan gandayen noman rani na duniya, audugarsa kuma masaƙun Ingila ake kai wa. Haƙar magudanan ruwa da shuka da cira da tsinkar auduga duk suna son hannu, hannun kuwa kaso mai yawa na mutanen yamma ne, waɗanda 'yan ƙasar ke kira Fallata ko Takari. Garin Sultan yana bakin wannan aiki, don haka ya zama matattarar ma'aikata. A farkon shekarun 1930 da kasuwar auduga ta faɗi a duniya, manoma 'yan ƙasa da yawa suka saki gonakinsu na gandun, mutanenmu ne suka karɓi wasu suka riƙe.

Mu 'yan kasuwa mun san cewa baƙon da ake bukatarsa ba a cika yi masa gorin gari ba. Gumin waɗannan mutane shi ya saya musu wurin zama. Daga baya 'ya'yansu suka shiga fatauci da harkar manyan motoci, wasu suka yi karatun zamani. Har abincinmu ya shiga cikin na ƙasar, domin naman da ake gasawa da ƙuli da yaji a titunan Kartum da sauran birane, agashe suke ce masa, kuma duk Bahaushe ya ji wannan suna ya san daga inda ya fito.

ABIN DA AKE FAƊA A KANSA

Tarihin mutum ba ya cika sai an faɗi inda ake sukarsa. Akwai masu cewa yaya wanda Ingila ta kashe ubansa a Burmi zai zo ya zauna lafiya da ita a Sinnar, har jama'arsa su zama ma'aikatan gandunta? Akwai kuma masu nuna cewa ladan aikin ba shi da yawa, kuma mafi yawan mutanen yamma a Jazira a lebura suka tsaya, suna zaune a unguwannin bayan gari da ake kira kambo, ba gonar kansu. Wannan magana ta biyu gaskiya ce, ba a musunta ta.

Ni dai a nawa ɗan ganin, wanda ya ga abin da bindiga mai ruwa ta yi a Giginya da Burmi da idonsa, kuma ga zawarawa da marayu a bayansa sun yi shekara uku suna tafiya, lissafinsa dabam yake da na mai jin labari a inuwa. Ubansa ya tashi ne don jama'a su sami inda za su yi addininsu cikin natsuwa. Shi kuma ya samo musu wurin, da masallaci da makaranta da abin kai wa baka. Abin da ya hana shi samun fiye da haka, ƙasar ba tasa ba ce, kuma mai ƙarfi a lokacin shi ne mai ƙarfi a ko'ina.

RASUWARSA

Sultan Muhammadu Bello Mai Wurno ya rasu a 1944, bayan ya yi kusan shekara 40 a Sudan. Ɗansa Muhammadu Ɗahir ya gaje shi, sarautar kuma ta ci gaba a gidansa. Ya bar gari mai kasuwa da masallatai, inda Fillanci da Hausa da Larabci suka zauna tare a bakin mutane. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mahaifinsa da shahidan Burmi.

MAGANAR TAKARDA

Akwai abu guda da bai samu ya kammala wa jama'arsa ba, shi ne maganar zama ɗan ƙasa a hukumance. Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 1948, aka yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan. Bayan ƙasar ta sami mulkin kai a 1956, dokar 1957 ta bi sawunta, ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno kuwa wajen 1906 suka iso. Shekara tara kacal ta raba su da wannan matsayi, alhali su suka haƙa magudanan Jazira. Yaron da aka haifa a bakin Nilu, bai taɓa ganin Sakkwato ko Misau ba, sai ya je neman makaranta ko aikin gwamnati a tambaye shi takardar da ba shi da ita. A shekarun 1970 aka matso da wa'adin zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mayar da shi 1956, wanda ya buɗe wa da yawa ƙofa. Amma gyaran doka ya fi gyaran zukata sauƙi, kalmar Fallata ta daɗe ana jifan mutane da ita a matsayin gori.

A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Bahar Azrak, kudu da Sinnar, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan mallakar ƙasa da neman da Hausawa suka yi na a ba su masarautar gargajiya tasu. An rasa rayuka sama da 100, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kartum da Kasala da wasu birane. A watan Oktoba na shekarar ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa kimanin mutum 200. Sa'an nan ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, a 2024 ya iso Jihar Sinnar, babban birninta Sinja ya faɗa hannun RSF a ƙarshen Yuni, soja suka ƙwato shi a Nuwamba. Jikokin waɗanda suka tsira daga Burmi suna cikin miliyoyin 'yan Sudan da wannan yaƙi ya ɗaiɗaita. Allah ya kawo musu ɗauki.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, ba sai na yi dogon sharhi ba. Mun san abin da ya sami baƙi a Gana a 1969, da aka ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango. Mun san yadda ita ma Nijeriya ta kori baƙi a 1983. A cikin ƙasarmu ma, wanda aka haifi kakansa a Sabo yakan je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma a ce masa ya koma garinsu. Saboda haka duk wanda Allah ya zaunar da shi a wani wuri, ya kama sana'ar da masu gari za su amfana da ita, ya girmama sarakunansu, ya tsaya a bayan shugabannin jama'arsa kamar yadda mutanen Mai Wurno suka tsaya. Sa'an nan kada ya yi sakaci da abin da ya ba su wahala. A yi wa yara takardar haihuwa tun suna jarirai, a yi katin ɗan ƙasa, fili ko rumfar da aka saya a karɓi takardarta a adana, a kuma sa yara makaranta, boko da Islamiyya, don a sami masu shiga ofis su yi magana da yawunmu.

Haka kuma mu tuna da zuriyar Shehu Ɗalha da suka buɗe ƙofa. Tun daga wajen 2014 rikicin Boko Haram ya koro mutanen Borno da Yobe zuwa garuruwan Jihar Bauchi, Azare da kewayenta sun karɓi nasu rabo, wasu kuma sun iso har inda muke zaune. Wanda ya zo maka da buhu ɗaya a ka, ka ba shi wurin kwana, ka nuna masa kasuwa, in da hali ka ba shi ɗan jari ko ka tsaya masa a ba shi kaya bashi. Kakanninmu da suka yi gabas haka aka yi musu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya albarkaci nemanmu da zuriyarmu, ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.